Wadar zuci ko mutuwar zuciya? Ina neman shawara kan darasin matasa

Ɗan Yelwa, Garwa

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. An ɗora mini nauyin jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na ƙungiyar matasa har mako huɗu, kan batun wadar zuci. Ana zama kowace Asabar da yamma, awa ɗaya da rabi. Yawancin masu zuwa 'yan acaba ne, da teloli, da masu gyaran waya, sai waɗanda suka gama makaranta suna ta zana jarrabawar shiga aikin gwamnati shekara bayan shekara.

Ga abin da nake so ku taimaka mini da shi. Da zarar an ce wa matashi ya gamsu da abin da yake da shi, abin da kunnensa ke ji shi ne "ka zauna cikin talauci, kada ka motsa". To, ina iyakar take tsakanin wadar zuci da mutuwar zuciya? Na biyu, ban so in tsaya a kan "ku dogara ga Allah" kawai, kowa ya ce amin a watse. Me mutum zai yi da hannunsa ranar Litinin da safe, in yana so ya koyi wannan abu? Na uku, Filibiyawa 4:13, wadda ta ce zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, tana rubuce a jikin mashin da ƙofar shago da yawa a nan, kowa yana jawo ta ga nasarar da yake nema. Haka ayar take nufi?

Dattijo, Marwa

Ɗana, Ubangiji ya ba ka hikima. Ka fara da tambayarka ta uku, ita za ta buɗe sauran. Kada a karanta aya 13 ita kaɗai. A karanta Filibiyawa 4 daga aya 10 zuwa 19 a tashi ɗaya, sau biyu, da Hausa da kuma Faransanci saboda waɗanda suka fi jin can. Bulus yana tsare ne sa'ad da ya rubuta wasiƙar. Masu bi na Filibi sun aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas, yana yi musu godiya, sai ya ce shi ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, ya san ƙoshi ya san yunwa, ya san yalwa ya san rashi. Daga nan aya 13 ta biyo. Abin da yake cewa yana iyawa ta wurin mai ƙarfafa shi ke nan: ya kwana da yunwa bai zargi Allah ba, ya ƙoshi bai manta da shi ba. Wanda ya rubuta ayar a mashin bai yi laifi ba, sai dai ya sani ayar tana aiki har ranar da aka kama mashin ɗin ko aka sace shi.

Abu biyu ka nuna musu a wurin. Bulus koyo ya yi, ba a haife shi da ita ba, saboda haka akwai hanya, kuma tana ɗaukar lokaci. Sannan ya haɗa yalwa a cikin abin da ake koyon ɗauka. Mutane da yawa sun jure rashi shekara goma, wata shida na samu ya kayar da su.

Kan iyaka kuwa, Bulus ɗin nan ɗinkin tanti yake yi da hannunsa (Ayyukan Manzanni 18:3). Shi ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci (2 Tasalonikawa 3:10). Shi ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya (1 Timoti 5:8). Har bawa ya ce masa in ya sami hanyar 'yanci ya bi ta (1 Korantiyawa 7:21). Don haka wanda ke neman mashin na kansa, ko keken ɗinki na biyu, ko yake sake zana jarrabawa, bai fita daga wadar zuci ba. Wanda 1 Timoti 6:9 ta yi wa kashedi shi ne wanda ya ƙulla a ransa sai ya yi arziki ko ta halin ƙaƙa. Ana gane shi da tambaya uku, ka bar kowa ya amsa a zuci. Me kake shirye ka karya don ka samu: gaskiya, alkawari, sujada, ko ka sayi gurbin aiki da cin hanci? In ba ka samu ba bana, za ka ci gaba da addu'a ko za ka yi fushi da Allah? In abokinka ya samu kai ba ka samu ba, kana iya zuwa yi masa barka da zuciya ɗaya? Ta ukun ce ta fi tona asiri.

Yanzu aikin hannu. Yawancinmu ba mu taɓa sanin nawa ne "isasshe" ba, shi ya sa ba ma kai wa gare shi. Agur ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci kada kuma ya ba shi dukiya, ya ba shi abincin da ya dace da shi, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, ko ya rasa ya yi sata (Karin Magana 30:7-9). Mutumin da ke wannan addu'a ya san gwargwadonsa. Ka sa kowa ya zo da takarda da biro. Mako ɗaya cur ya rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa, har dala biyar ta ruwan leda da kuɗin katin waya. Kada a yi daga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa tana rage abin da mutum ke jin kunyarsa. Daga nan a fitar da na wata.

Ga misali, lambobin nawa ne na koyarwa, kowa ya sa nasa. A ce magidanci yana samun jaka 90 na sefa a wata, wato sefa dubu 90. Abinci da gawayi 40, haya 15, ruwa da wuta 5, magani 5, taimakon iyaye a ƙauye 5, zakka da baiko 9, makaranta 6 (wato jaka 72 na shekara aka raba gida 12, don kada Satumba ta zo kamar ba a san da ita ba). Jimla 85. Wannan 85 shi ne isasshensa na bana. Ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya yi godiya a kai tare da matarsa. Duk abin da ya haura nan rara ne, kuma a yanke yadda za a yi da rarar tun kafin ta zo: kashi ɗaya ajiya har ta kai abin da zai riƙe gida wata uku, kashi ɗaya jari ko kayan aiki, kashi ɗaya bayarwa da ɗan jin daɗin iyali. Kada ka cire jin daɗin, 1 Timoti 6:17 ta ce Allah yana ba mu kome a yalwace don mu mora.

Inda abin ke lalacewa shi ne layin yana tafiya. Samu ya ƙaru zuwa 120, kafin wata uku isasshen ya koma 125, mutum bai san lokacin da ya motsa shi ba. Mai Hadishi 5:10-11 ya faɗa tun tuni, mai son kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi, dukiya in ta ƙaru masu cinta ma sun ƙaru (a wasu Littattafan Faransanci lambar ayar tana baya da ɗaya, kada ku rikice). Maganinsa, ba a taɓa layin sai sau ɗaya a shekara, a gaban shaida, mata ko miji da wani dattijo guda, kuma da dalilin da za a iya faɗa a fili: an haihu, yaro ya shiga sakandare, ciwo ya shigo, farashin hatsi ya tashi. "Maƙwabci ya sa tayil" ba ya cikin dalilai.

Uwar Zumunta, Gidar

Baba Dattijo ya gama magana a kan takarda. Ni zan ƙara ta wajen ɗaki da rumbu, domin a nan wadar zuci ke karyewa, kuma tana da lokutanta da kowa ya sani. Satumba kuɗin makaranta. Disamba kayan Kirsimeti. Zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Bukukuwan aure bayan kaka. Sai Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Ɗana, ka zana musu watanni goma sha biyu a allo, su da kansu su sa alama a inda suka saba cin bashi. Za ka ga alamar tana taruwa wuri ɗaya.

Hatsi tukuna. A auna abin da gida ke ci da kwano, mako guda, kada a yi kirdado. Gidan da ke cin kwano 2 a rana yana bukatar 60 a wata, 720 a shekara. A ƙirga kwano nawa buhunku ke ɗauka, don buhu ya bambanta. A ware wannan da na iri da na baƙo kafin a kai ko kwano ɗaya kasuwa. Abin da ke faruwa shi ne a sayar da dawa da masara a Nuwamba da Disamba, lokacin da suka fi araha, don a yi Kirsimeti ta kece raini, sannan a dawo a sayi hatsin nan da tsada a Agusta, wani lokaci da bashi. Masu masakwa, dawar rani, suna da sauƙi kaɗan tunda girbinsu na zuwa wajen Fabrairu da Maris, amma su ma in ba a ware ba haka take ƙarewa. Wake kuma a shanya shi ya bushe sarai, a sa a buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari su cinye abin da aka hana kasuwa.

Masu auduga, kun san taki da maganin feshi bashi ne, ana cirewa ranar biyan kuɗin auduga, kuma 'yan ƙungiya ne ke tsaya wa juna. Wanda ya karɓi taki ya sayar a ɓoye a Yuni don yana son kuɗi a hannu, gonarsa ba za ta biya ba, 'yan'uwansa ne za a yanke wa. Sau da yawa a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. Kwaɗayi ba ya tsayawa a kan mai shi.

Adashi abu ne mai kyau, ya sayi keken ɗinki da yawa. Sharaɗinsa uku. Zubin da kike yi duka, in an haɗa, kada ya wuce abin da za ki iya biya a watan da ya fi tsanani. Ki san abin da za ki yi da kwasa tun ranar shiga, ki faɗa wa mutum ɗaya. Kada ki shiga adashi na biyu don ki biya na farko, daga nan ake fara ɓuya. Bashi mai ruwa kuwa a yi lissafinsa a allo su gani: jaka 50 da ruwan kashi 10 cikin ɗari a wata, jaka 5 ke nan duk wata. Wata goma kin biya 50, uwar kuɗin tana nan 50 ba ta motsa ba. Karin Magana 22:7 ta kira mai cin bashi bawan mai ba da bashi, kuma haka yake.

Wata ƙa'ida mai sauƙi: duk abin da kuɗinsa ya wuce cefanen mako, ba magani ba ne ba kuma kayan aiki ba, a jira kwana bakwai. A gaya wa Ubangiji a addu'a, a gaya wa miji ko mata. Yawanci kafin kwana bakwai zafin son ya huce. In bai huce ba, kuma akwai rara, a saya ba tare da jin laifi ba.

Sai maganar da ta shafe mu mata a ikkilisiya, kuma ina faɗa da nauyin zuciya. Mu ne muke koyar da wadar zuci ranar zumunta, mu ne kuma muke fitar da sabon anko kowane taro. Gwauruwa mai yara huɗu ta zauna a gida don ba ta da zanen bana. A tsayar da zane ɗaya ya yi shekaru, a kuma faɗa daga gaba cewa ba wadda za a hana waƙa ko rawa don zane. Matasa suna kallonmu, abin da muke sawa ya fi abin da muke faɗa shiga idonsu.

Malamin makaranta, Kuseri

Baba, Mama, ku gafarce ni, zan ja da baya kaɗan. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwar ƙana'a, da yawansu sun fi mu riƙe ta. Marowaci ma yana da takardar lissafi, tasa ta fi ta kowa tsabta, ba ya kuwa barci. In darasin ya tsaya a nan, tsimi muka koyar. Me ya sa abin ya zama na Almasihu?

Na biyu ya fi damuna. Wa'azin wadar zuci kusan kullum daga sama yake gangarowa ƙasa. Ana yi wa malamin da iyayen yara ke biya, wanda ya yi watanni bai ga albashi ba. Ana yi wa yarinyar aikin gida. Ana yi wa 'yan'uwanmu da ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe tun 2013, da waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gidaje a Yagwa da nan bakin kogin Logon. Amma ku duba Luka 3:14. Waɗanda Yohanna Mai Baftisma ya ce su gamsu da albashinsu sojoji ne, masu iko, a numfashi ɗaya da ya hana su ƙwace da ƙazafi. Yau ayar ta mai tsaron shingen hanya ce, da mai riƙe da hatimi a ofis. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Yakubu 2:15-16 kuma ta tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri hannu wofi.

Ɗan'uwa Ɗan Yelwa, ka faɗa musu a fili: neman hakkinka ba rashin wadar zuci ba ne. Bulus da aka doke shi a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukunta su zo da kansu su fitar da shi (Ayyukan Manzanni 16:37). Mai mashin da ya ba yaro haya, da mai shagon ɗinki da ke riƙe da almajirai, su ma su zauna a darasin.

Katikis, Mokolo

Malam, tambayarka ta kai ga gindin abin. Amsar tana Ibraniyawa 13:5. An ce ku raba kanku da son kuɗi, ku gamsu da abin da kuke da shi, sai aka kawo dalili: domin shi kansa ya ce ba zai bar ku ba, ba zai yashe ku ba. Waɗanda aka rubuta wa wasiƙar an taɓa washe musu kaya saboda bangaskiya (10:34), don haka ba masu rumbu cike ake lallashi ba. Marowaci yana dogara ga abin da ya tara, mai bi yana dogara ga wanda ya yi alkawarin, wanda bai hana mu Ɗansa ba (Romawa 8:32). Daga waje takardunsu iri ɗaya ne. Bambancin yana fitowa a wata biyu: watan da samu bai kai isasshen ba, da watan da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman taimako daga rarar.

Manya sun tuna 1993, da aka yanke albashin ma'aikatan gwamnati a Kamaru sau biyu, sai Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Mutum ya kwana da ajiyarsa ya tashi rabin ƙarfinta a kan kayan waje ya tafi. Abin da Bulus ya kira dukiya marar tabbas ke nan. A yi ajiya, amma kada a kwanta a kanta.

Yadda ake dasa alkawarin a zuciya ba asiri ba ne, maimaici ne. Da safe, minti 15, kafin a taɓa waya. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci: wanda ya fara da Facebook ko hotunan WhatsApp ya riga ya ga mota da biki da tafiyar wasu kafin ya ga alherin da ya kwana da shi, addu'arsa sai ta koma jerin ƙorafi. A karanta Zabura ɗaya da murya. Mako na farko 23, 73, 90, 103, 121, 127, 131. Sannan Addu'ar Ubangiji a hankali, in an zo kan abincin yau a tsaya a ambaci bukatar ranar da sunanta: man mashin, maganin yaro, kuɗin haya. Ta yau kaɗai. Isra'ilawa a jeji an ba su manna ta rana ɗaya, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa ta yi wari, sai rana ta shida aka ba su ninki biyu saboda Asabar (Fitowa 16).

Da dare minti 5. Abu uku na godiya, takamaimai, na ranar nan. "Na gode don rai da lafiya" gaskiya ne, amma baki ya saba da shi har zuciya ba ta ji. A ce "fasinjan da ya biya bai yi gardama ba", "zazzaɓin yarinya ya sauka". Sai abu ɗaya mai wuya: wa na yi wa ƙyashi yau? A ambaci sunansa a gaban Allah, a roƙa masa ƙarin albarka. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye suna cin gaba, bai dawo hayyacinsa ba sai da ya shiga Haikalin Allah. Ƙyashi ba ya mutuwa a ɓoye.

Abubuwan da ke ɓata wannan. Na farko, bayan mako biyu ko uku daɗin farko yana gushewa, mutum ya ce ba ya aiki. A nan ne aikin ya soma, shi ya sa a haɗa su biyu-biyu, kowa ya tambayi ɗan'uwansa ranar Asabar. Na biyu, wasu suna ɗauka wadar zuci ta hana kuka, sai su haɗiye baƙin ciki su yi murmushin dole. Zabura 13 da 88 suna nan don wanda aka kora daga ƙauyensa. Habakuk ya lissafa ɓaure da inabi da zaitun da garken da babu, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji (3:17-18). Na uku, girman kai: wanda ya daina sayen waya mai tsada ya fara raina mai ita. Na huɗu, maigida ya "koyi wadar zuci" a kan kuɗin cefane, nasa shayi da tsire ba su ragu ba. In tsimin bai fara daga aljihun mai yanke shawara ba, zalunci ne.

Kan damuwarka ta biyu, Malam, muna da misali a ƙasar nan. Baba Simon, Fada Simon Mpeke, yana cikin firistocin Kamaru na farko da aka naɗa a 1935. A 1959 ya bar babbar ikkilisiyar New-Bell a Duwala ya zo Arewa, ya zauna a Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi, daga baya ya rasu a 1975. Ya gamsu da kaɗan a kan kansa, amma bai gamsu da rashin makaranta ga yaran duwatsu ba, a kan wannan ya dage. Haka ya kamata a koyar: isasshe a gare ni, don hannuna ya sami abin miƙa wa wani. Afisawa 4:28 ma dalilin aikin da ta bayar ke nan.

Ɗan Yelwa, Garwa

Na gode iyayena, na kwafe duka. Saura biyu da na san za su taso. Akwai masu zuwa tarurrukan da ake cewa ka shuka iri na jaka goma Allah ya mayar maka ɗari. Sannan 'yan acaba za su ce Lahadi ce ranar samu, ga kasuwar Pitowa da ke ci ranar. Me zan ce musu?

Dattijo, Marwa

Kan shuka iri, kada ka zagi kowa, ka buɗe musu 1 Timoti 6:5-6. Aya 5 tana maganar masu ɗaukar ibada hanyar samun riba, aya 6 ta ce ibada tare da wadar zuci ita ce babbar riba. Suna manne da juna, ba sai ka ƙara kome ba. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar Bitrus tana Ayyukan Manzanni 8:20. Gaskiya ne 2 Korantiyawa 9 ta yi maganar shuka da girbi, amma tarin da ake yi a wurin na matalautan masu bi ne a Urushalima, kuma ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya, ba da tilas ba. Ka ba su ma'auni: bayarwar da aka yi da bashi, ko da kuɗin makarantar yaro, ko aka sa mata farashi da ranar biya, a dakata. Ka haɗa wannan da cacar ƙwallo ta waya a zama ɗaya, domin yunwa ɗaya ce ke kai mutum wurin duka biyun. Ka sa su lissafa: sefa 500 a rana, jaka 15 ne a wata, 180 a shekara. Wanda ya riga ya kamu ya goge manhajar a gaban abokin tafiyarsa, ya daina barin kuɗi a asusun waya da dare, ya kai wa matarsa ko mahaifiyarsa ajiya.

Lahadi kuwa, ikkilisiyoyi ba su da tsanani ɗaya a kai, ka bi koyarwar taku, ka kuma tambayi fastonku kafin zaman. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kada a bar taruwa (Ibraniyawa 10:25), kuma jiki yana bukatar rana ɗaya cikin bakwai. Mai mashin nasa ya gina lissafinsa a kan kwana shida tun farko. In kwana shida ba su kai isasshen ba, a duba takardar tukuna, sau da yawa caca ce ko bashi ke cin kwana na bakwai. Wanda ke biyan mai mashin kuɗin kullum, shi ba shi da cikakken iko. A nan dattawa su shiga, in mai mashin ɗan ikkilisiya ne a zauna da shi a daidaita a kan kwana shida. In ba haka ba, yaron ya yi sujadar farko da sassafe, ya nemi wata rana ta hutu, kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Makonninka huɗu ka jera su haka. Na farko Filibiyawa 4 da tambayoyi ukun, a tafi gida da aikin rubuta kashe kuɗi. Na biyu Agur da 1 Timoti 6, a fitar da isasshe, ka gayyato uwa ɗaya daga Zumuntar Mata ta yi bayanin watanni da adashi. Na uku Ibraniyawa 13 da Zabura 73, a raba su biyu-biyu a fara addu'ar safe da dare. Na huɗu Luka 3 da Yakubu 5, da iri da caca, ka kira masu ba da hayar mashin da masu shago su zo. Kada ka sa kowa ya karanta lambobinsa a gaban jama'a, mai ƙaramin samu zai ji kunya ya daina zuwa, mai babba kuma za a fara bin sa da roƙo. Takardar ta tsaya tsakaninsa da abokin tafiyarsa. Ka sa ranar sake haɗuwa bayan wata uku, ka zaɓi wadda ta faɗo kafin Kirsimeti ko kafin buɗe makaranta.